Ajiye Kwafi Kafin Na'ura Ta Yi Gyara

Bayani ga Hakimai da malamansu na ƙasashen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa

An rubuta wannan 'yar takarda ne domin Hakimai da Dagatai da malaman da ke riƙe musu littattafai, a kan wata ƙa'ida guda ta aikin kwamfuta wadda ya kamata kowane shugaba ya sani, ko da shi kansa bai taɓa sa hannu ga na'urar ba. Ƙa'idar kuwa ita ce, kada a bar wata manhaja mai aiki da kanta ta sake saitin kwamfutar ofis sai an ɗauki kwafin saitin da ke nan tukuna, an kuma ajiye shi a wuri amintacce.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga malaman Hakimai. Dattawan da suka yi aiki zamanin En'e sun sani, in an zo sabon ƙidayar haraji ba a kankare littafin bara a rubuta na bana a kansa. Sabon littafi a ke buɗewa, na bara kuwa a sa shi cikin akwati, domin ran da gardama ta tashi a kan gidan wane, shi za a ɗauko. Haka kuma ba a aika wasiƙa Katsina sai an sa takardar kabon a ƙarƙashi, kwafi ya zauna cikin fayil. An soke haraji da jangali a 1979, sa'ad da ƙasar Katsina ke cikin Jihar Kaduna, amma hikimar da ke cikin wancan tsari ba ta tafi tare da su ba. Abin da ya sake shi ne, yanzu mai kankarewa ba mutum ba ne, na'ura ce, ita kuwa ba ta jinkiri, ba ta kuma tambaya.

UWAR GARKE DA FAYIL ƊIN SAITI

Yawancin al'amuran da suka shafi talakawa yau, kamar rajistar masu zaɓe, da lambar ɗan ƙasa, da albashin ma'aikata, da sakamakon jarrabawar yara, ba cikin littafi su ke ba. Suna cikin waɗansu manyan kwamfutoci ne waɗanda ba a kashe su dare da rana, sauran ƙananan kwamfutoci da wayoyi kuma suna zuwa gare su neman bayani. Irin wannan babbar kwamfuta ita a ke kira uwar garke. Wata tana Katsina, wata tana Abuja, wata ma tana ƙasar waje. Wani lokaci kuma a kan ajiye 'yar ƙarama a wani ofis ko asibiti na karkara.

Kowace uwar garke tana da abubuwa iri biyu a cikinta. Akwai bayanan da aka ba ta ajiya, watau sunaye da lissafi. Akwai kuma umarnin da ke gaya mata yadda za ta yi aiki: sunanta da adireshinta, wa zai shiga wa ba zai shiga ba, ina za ta aika da rahoto da kuma ƙarfe nawa, inda ma'ajin bayanan ya ke da kalmar sirrin buɗe shi. Wannan umarni a rubuce ya ke cikin waɗansu 'yan fayiloli, su ne fayilolin saiti. Galibinsu rubutu ne zalla, wani bai wuce layi ashirin ba.

Ƙanƙantarsu ce ta sa a ke raina su. Mutane su kan kula da ajiyar sunaye da lissafi, su manta da saiti. Amma in layi ɗaya ya ɓace cikin fayil ɗin saiti, na'ura na iya ƙin buɗe ƙofa ga kowa, alhali dukan bayanan suna nan ciki lafiya lau. Kamar rumbu ne cike da hatsi, an ɓad da mabuɗi.

MANHAJA MAI GYARA DA KANTA

A dā, ma'aikaci shi ke zama gaban kowace na'ura ya gyara saitinta da hannu. Da na'urori suka yi yawa, har mutum ɗaya ya kan riƙe ɗari ko dubu, sai aka ƙirƙiro manhajojin da za su yi wannan aiki. Cikin waɗanda suka shahara akwai Puppet, wadda ta fito a 2005, da Ansible, wadda ta fito a 2012. Yadda su ke aiki kuwa shi ne, a hedkwata a kan rubuta samfuri guda, a ce ga yadda saitin kowace na'ura zai kasance. Sai manhajar ta bi na'urorin ɗaya ɗaya tana gwada abin da ta tarar da samfurin. In sun yi daidai ta wuce. In sun saɓa, sai ta shafe abin da ta tarar ta rubuta na samfuri.

Babu shakka wannan abu ne mai amfani ƙwarai, ba kuwa nufin takardan nan ta kushe shi ba. Aikin wata guda ya koma na minti biyar, an kuma huta da mantuwar ɗan Adam. Amma a lura da halinta. Kamar masinja ne mai tsananin biyayya da aka ba takarda aka ce, duk ofishin da ka shiga, abin da ka gani ya saɓa wa wannan ka yage shi. Ba zai tsaya ya tambayi malamin wurin dalilin da ya sa ya rubuta haka ba. A wurinsa kuskure da gyara na hikima duk ɗaya ne, tun da duka sun saɓa wa takarda.

Ga misali. Mu ɗauka akwai wata 'yar uwar garke a wani ofis a Mabai, mai aika rahoto hedkwata. Samfurin hedkwata ya ce ta aika nan take, in layi bai samu ba cikin rabin minti ta haƙura. Wannan ya dace da birni. Amma ma'aikacin da ya kafa ta ya ga yadda layin waya ke yankewa a ƙauye, sai ya ƙara layi uku cikin fayil ɗin saiti, ya ce ta riƙe rahoto, ta yi ta gwadawa har tsakar dare. Ya yi daidai, sai dai bai rubuta ko'ina ba, bai kuma gaya wa hedkwata ba. Bayan shekara biyu an yi masa canjin wurin aiki. Ran nan hedkwata ta saki manhajarta, ta zo ta tarar da layuka uku da ba ta sani ba, ta shafe. Ba ƙara, ba hayaƙi. Sai bayan mako uku a ke lura rahoton Mabai ba ya isa, aka shiga zargin malamin ofis da lalaci. Wanda zai gyara kuwa ya rasa abin da zai koma gare shi, gama ba wanda ya san abin da layukan nan uku suka ce. Da akwai kwafi, da aikin kwata ne: a ajiye tsohon fayil da sabo gefe da gefe, a ga abin da ya fita.

ABIN DA YA FARU DA NA'URORIN ZAƁE A 2023

Kada a zaci wannan magana ta masu gyaran kwamfuta ce kaɗai. Ƙasar nan duka ta ga misalinta, har a rumfunan zaɓe na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa.

Kowa ya tuna na'urar BVAS wadda ke duba yatsa ko fuskar mai zaɓe. Kowace ɗaya a kan saita ta ne domin rumfa guda da zaɓe guda. An yi zaɓen Shugaban Ƙasa da 'yan Majalisar Tarayya ran 25 ga Fabrairu 2023, aka sa na Gwamnoni ran 11 ga Maris. Kafin a yi na biyu tilas ne a sake saitin na'urori fiye da 176,000, sake saitin kuwa zai share abin da ke cikinsu na zaɓen farko. To, ga shi waɗansu 'yan takara sun tafi kotu suna neman a bar su su duba na'urorin. Hukumar Zaɓe ta shaida wa kotu cewa za ta kwashe bayanan zuwa uwar garkenta kafin ta taɓa kome. Ran 8 ga Maris Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ba ta izini, amma lokaci ya riga ya ƙure, sai aka ɗaga zaɓen Gwamnoni da mako guda, zuwa 18 ga Maris.

Ba aikin wannan takarda ba ne ta shiga gardamar zaɓe, kuma gaskiya ne abin da aka yi jayayya a kansa bayanan tantance masu zaɓe ne, ba fayil ɗin saiti kansa ba. Abin lura a nan shi ne tambayar da aka yi, gama ita ce tambayar da ta kamaci kowane ofis: kafin ka sake saitin na'ura, ina ka ajiye abin da ke cikinta, wa kuma zai shaida ajiyar ta cika? Tambayar nan ta isa ta dakatar da zaɓen jihohi kwana bakwai. Ba ta yi wa ofishin ƙaramar hukuma girma ba.

IRIN KWAFIN DA KE DA AMFANI

Ba kowane kwafi ne ke ceto ba. Na farko, lokacinsa. Kwafin da a ke nema shi ne wanda aka ɗauka daf da gyara, ba na watan jiya ba, domin tsakanin watan jiya da yau mai yiwuwa wani ya ƙara abin da ba a sani ba. A sa masa kwanan wata da sa'a da sunan na'urar cikin sunansa, kada kuma a rubuta sabon kwafi a kan tsoho. Wannan kuskure ya yi yawa. Ɓarnar saiti ta kan ɗauki makonni ba ta bayyana ba, in kuwa kullum sabo na cinye tsoho, ran da aka farga sai a tarar kwafin da ke hannu shi ma na bayan ɓarna ne. Babu dalilin rowar wuri, gama saitin na'ura guda na shekaru da yawa zai shiga ɗan filash guda, da sauran fili. Akwai kuma manhaja mai suna Git, wadda aka yi a 2005, mai riƙe tarihin kowane gyara, da wanda ya yi shi, da ranar. Ma'aikaci nagari ya kan zuba fayilolin saiti cikinta.

Wani zai ce ai manhajojin nan su da kansu suna iya ajiye kwafi. Haka ne. Ansible tana da wannan dabara, ta kan ajiye tsohon fayil da kwanan wata kafin ta rubuta sabo. Amma ba ta yi sai an umarce ta, in kuwa ba a ce kome ba, shafewa kawai ta ke yi. Sa'an nan a cikin na'urar nan dai ta ke ajiye shi. Wannan yana maganin kuskuren gyara, amma ba ya maganin gobara, ko sata, ko mutuwar na'urar. Saboda haka a umarce ta ta ajiye, sa'an nan a ƙara da wani kwafi a waje.

A waje ina? Nan ne ya kamata mutanen wannan yanki su yi tunani irin nasu, kada su ɗauki shawarar birni kai tsaye. Shawarar birni ita ce a aika kwafi ta intanet zuwa wata uwar garke mai nisa, wannan kuwa yana da kyau. Amma ba a manta ba, a watan Satumba 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda sha'anin tsaro, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka kuma yi watanni a haka. Duk ofishin da kwafinsa ke can nesa kaɗai, a waɗannan watanni daidai ya ke da wanda ba shi da kwafi. Akasin haka kuma, ƙasar da ta sha ganin ƙone-ƙone da tashin ƙauyuka ba ta bukatar a gaya mata haɗarin ajiye kome a ɗaki guda. Don haka wuri biyu a ke so ban da na'urar kanta: ɗaya kusa, inda hannu zai kai ko babu layi, ɗaya nesa, inda wuta ba za ta kai ba. Fayilolin da suka fi muhimmanci ma babu laifi a buga su a takarda, tun da gajeru ne.

Amma a yi hattara. An riga an ce cikin fayilolin saiti akwai kalmomin sirri. Wanda ya sami kwafin ya sami mabuɗin ofis. Kada a aika shi ta WhatsApp, kada a bar filash ɗin cikin aljihun tebur, kada a ba yaro ya kai shagon buga takardu. A kulle shi da kalmar sirri, a sa cikin akwatin ƙarfe, mutum biyu sanannu kaɗai su san inda ya ke. In za a buga a takarda, a cire kalmomin sirrin tukuna. Wani ƙaramin abu kuma da ma'aikata su kan manta: kowane fayil yana da alamar mai shi da waɗanda aka yarda su karanta shi, lalle ne kwafin ya tafi da wannan alama, in ba haka ba za a mayar da fayil daidai, na'ura ta ƙi karɓa.

Abu na ƙarshe shi ne mafi wuya, domin shi ne ba a yi: gwaji. Ran 31 ga Janairu 2017 wani ma'aikacin kamfanin GitLab, kamfanin da sana'arsa ke nan ajiye wa mutane aikin kwamfuta, ya share ma'ajin bayanai bisa kuskure. Kamfanin yana da hanyoyin ajiyar kwafi har biyar. Da aka duba, ba ko ɗaya da ke aiki yadda aka zata. Wata ma ta daɗe da tsayawa ba wanda ya sani. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu kamar sa'a shida kafin ɓarnar, aikin sa'o'in nan shida kuwa ya tafi. Su da kansu suka bayyana wa duniya wannan, abin yabo ne. In haka ta sami ƙwararru, to, kada a karɓi maganar ma'aikacin da ya ce akwai kwafi sai ya mayar da shi kan wata na'ura ta gwaji, an ga ta tashi ta yi aiki. Sau ɗaya cikin wata uku bai yi yawa ba.

RAN DA ABU YA LALACE

Akwai wani tarko da ke jiran wanda ma ya ajiye kwafi. Manhaja irin Puppet ba sau ɗaya ta ke zuwa ba. In ba a sake mata lokaci ba, kowane rabin sa'a ta ke komowa ta duba. Sai ma'aikaci ya mayar da tsohon fayil, na'ura ta tashi, ya yi hamdala ya hau babur, kafin ya kai Ƙanƙara manhajar ta komo ta sake shafewa. Don haka kafin a mayar da kwafi, a dakatar da manhajar a kan wannan na'ura. Bayan an mayar, a sanar da hedkwata, domin a shigar da gyaran cikin samfuri. Muddin samfuri bai san da layukan nan uku na Mabai ba, za a yi ta shafe su har abada.

Ya kamata kuma a sani, manhajojin nan suna da hanyar gwaji, inda za su nuna abin da za su sake ba tare da sun sake ba. A karanta wannan tukuna. Sa'an nan a fara da na'ura ɗaya ko biyu, a kwana a gani, kana a saki ga sauran. Ran 19 ga Yuli 2024 kamfanin CrowdStrike na Amurka ya aika wani ɗan fayil mai kuskure ga na'urorin abokan cinikinsa gaba ɗaya. Kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 suka tsaya, jiragen sama suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka rikice. Kamfanin ya janye fayil ɗin cikin ƙasa da sa'a ɗaya da rabi, amma na'urar da ta riga ta faɗi ba ta jin saƙo daga nesa, sai da aka bi da yawansu ɗaya ɗaya da hannu. Ɓarna daga nesa ta ke zuwa cikin ƙiftawar ido, gyara kuwa sau da yawa sai an taka da ƙafa. Wanda ya san hanyar Sabuwa da damina ya san abin da wannan ke nufi. Saboda haka ba a sakin gyara ran Jumma'a da yamma, ko jajiberen Salla, ko daf da biyan albashi.

ABIN DA YA RATAYA A KAN HAKIMI DA MALAMINSA

Ba a neman Hakimi ya koyi gyaran kwamfuta, ba kuma shi ke da iko a kan na'urorin ma'aikatun Gwamnati ba. Amma in aikin rajista ya tsaya, ko sunayen mutane suka ƙi fitowa, ƙofar gidansa a ke cika kafin a je ko'ina. Wannan ya ba shi damar tambaya, cikin girmamawa, a taron ƙaramar hukuma ko sa'ad da ma'aikata suka zo gaisuwa kafin su fara aiki a ƙasarsa. Ya tambaya ko an ɗauki kwafin saiti kafin gyaran nan, ina aka ajiye, yaushe aka gwada shi, wa kuma za a kira in abin ya ƙi bayan sun tafi. Ma'aikaci nagari zai yi murna da wannan tambaya. Wanda ya ji haushinta, a ƙara sa ido a kan aikinsa.

Inda na'urar ta ke a ofishin Hakimi kansa, aikin malami ne ya buɗe mata littafi na musamman, mai bangon kwali, irin na shige da ficen wasiƙu. Duk wanda ya zo taɓa saiti, ko aka yi gyaran daga nesa aka sanar ta waya, a rubuta rana da sa'a, da sunansa da ma'aikatarsa, da abin da ya ce zai sake, da sunan kwafin da aka ɗauka da inda ya ke. Mai gyara ya sa hannu, malami ya sa hannu. Ba a rubuta kalmar sirri cikin wannan littafi. Ran da aka yi wa malami canji kuwa, littafin da filash ɗin da mabuɗin akwati suna cikin kayan da zai miƙa wa magajinsa a gaban Hakimi, a kuma sake kalmomin sirrin a wannan rana.